Tagogi Uku a Bango Ɗaya a Akurba

Mun tashi da asuba daga Jos, ni da wasu abokan tafiya biyu, bayan mun idar da salla mun yi addu'ar matafiyi. Dalilin tafiyar shi ne wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu injiniyan gini ne, ya nemi in je Lafiya in shiga tsakani. Jama'ar wata unguwa a Akurba suna gina makarantar Islamiyya, kwamitin dattawansu ya yanke shawarar korar babban magini, shi kuwa injiniya bai yarda ba.

Da muka gangaro Hawan Kibo sanyi ya sake mu, kafin mu kai Akwanga kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. Can muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa. Doya jibge take a bakin hanya, kuma ta fi ta Jos sauƙi nesa ba kusa ba, har ɗaya daga cikinmu ya fara ciniki, sai da aka tuna masa cewa tafiya muke yi, ba dawowa ba. Daga nan hanya shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsun Eggon suna gefe. A Shabu masu babura suka yi yawa, ɗalibai da manoma, wani ma ya goyo buhu biyu da akuya.

Mun isa wurin ginin da hantsi. Ajujuwa huɗu ne, an kai su linta, wato saman ƙofofi, ana so a zuba rufin kankare kafin damina ta kankama. Bangon da ke kallon titi yana da tagogi uku, babu wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta. Ɗaya tana sama, sai dogon mutum zai leƙa; ɗaya ta sauko har ƙugu; ta ukun kuwa an toshe rabinta da bulo. Dattawa suka ce wannan ya isa shaida cewa mutumin bai iya aiki ba. Korar magini a gari irin Lafiya ba ƙaramin abu ba ne, domin labari zai riga shi isa duk inda ake gini.

Na nemi a kira shi. Mutum ne mai furfura, hannayensa duk siminti ya cinye. Ya durƙusa, na tambaye shi yadda aka yi.

Ya ce, "Baba, wannan taga, Alhaji ya zo ya ce a ɗaga shi, yara za su kalli titi. Na ce to. Wannan, Liman ya ce zafi ya yi yawa a garin nan, a sauke shi iska ya shiga. Na ce to. Wancan, Sarkin Kasuwa ya ce ɓarawo zai shiga. Dukansu sun haife ni. Wanne zan ce ma a'a?"

Babu wanda ya musa. Kowane dattijo ya san tagar da ya taɓa, bai dai san ta ɗan'uwansa ba, domin kowa da lokacin zuwansa: wani bayan asuba, wani bayan la'asar. Injiniya kuwa ranar Asabar kaɗai yake zuwa. Ya bayyana mana cewa a ilimin gudanar da aikin gini, ƙa'ida ta farko ita ce ma'aikaci ya karɓi umarni daga baki ɗaya, kuma duk canjin da za a yi wa zane a rubuta shi, ya bi ta hannun mutum ɗaya. Na ce musu wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mamu idan ya ga liman ya yi kuskure, tasbihi yake yi masa daga inda yake tsaye, ba ya juyowa ya ba sahu nasa umarnin. An ɗan yi ja-in-ja, daga bisani aka amince magini ya ci gaba, a fasa tagogi biyu a sake gina su, kuma duk mai shawara ya kai wa injiniya.

Aka kawo sakwara da miyar agushi, muka ci a gindin mangwaro. Gishirin miyar, in ji mai masaukinmu, na Keana ne, ya kuma ƙulla mana a leda.

Washegari muka biya ta wurin ginin don yin sallama. Na ga wurin alwala ya matse, sai na ce wa magini ya ƙara masa bulo biyu. Ya goge hannunsa, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Baba, a gafarce ni. A faɗa ma injiniya."

Abokan tafiyata suka yi ta dariya har Akwanga, inda aka sayi doyar.

Mun iso gida gab da magariba, lafiya lau, alhamdu lillahi. Na koyi cewa ladabin na ƙasa yana iya karkatar da bango idan manya ba su san iyakarsu ba, kuma mai yi wa mutane hukunci bai tsira daga laifin da ya hukunta ba. Batun wurin alwala na rubuta shi a takarda, na aika wa injiniya. Har yanzu bai amsa ba, kuma hakkinsa ne.