Ranar da Akanta Ya Zo Ba Takardu

Na halarci zaman daraktoci da yawa a rayuwata, amma akwai guda ɗaya da ko tsufa ya cinye ni ba zai fita daga raina ba. A lokacin ni ne sakataren wani kamfanin casar shinkafa da ke wajen tafkin Njuwa a Yola, a shekarun da 'yan gudun hijira suka cika Yola da Jimeta.

Daraktocinmu manyan mutane ne, kuma sun san da haka. Shugabansu tsohon babban sakataren wata ma'aikatar gwamnati ne, dattijon Bafulatani da kowa ke kira Baffa. Akwai kanar mai ritaya, akwai lauya, sai wata Madam, 'yar kabilar Ibo mai manyan shaguna a kasuwar Jimeta, wadda ta fi mu duka sanin inda buhu ke shiga da fita. Abin da muka rasa shi ne ƙwararren akanta, masu zuba mana jari kuwa sun ce lalle sai an sa ɗaya a cikin daraktoci, kuma sai da shaidar karatunsa.

Sai aka kawo sunan wani mutumin Borno da ya daɗe yana binciken kuɗaɗen kamfanoni a can. Rikici ya koro shi, yana zaune da iyalinsa a ɗaki ɗaya a gidan surukinsa a unguwar Rumde, ba aiki ba sana'a. Wannan kujerar ce hanya ta farko da ta buɗe masa tun da ya baro gida.

Ya zo a keke, cikin riga wankakkiya amma ta sha jiki. Lauya ya yi ta jefa masa tambayoyi, yana amsawa ba gargada. Daga nan Baffa ya ce, "Madalla, Malam. To, ina takardun?"

"Ranka ya daɗe, babu su. Sun ƙone."

Kanar ya yi wata 'yar dariya. Shi dama bakinsa ba linzami. Ya ce, "Ai yanzu duk wanda ya fito daga can farfesa ne, takardu ne kawai suka ƙone."

Na ji kunya kamar ni na faɗa. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yallaɓai, ba 'yan bindiga suka ƙona ba. Ni na ƙona da hannuna. Suna bin gida gida suna neman ɗan boko, wanda aka samu da takarda kuwa shi ke nan. A murhun da matata ke tuƙa tuwo na zuba su, tun daga ta firamare. 'Ya'yana huɗu suna tsaye suna kallo."

Ni da aikina rubuta abin da aka faɗa, na kasa motsa biro, hawaye na ji suna zuwa.

Baffa ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce ka'ida ba ta san tausayi ba, dukiyar mutane ce a hannunmu, ba zai zaunar da kowa ba sai da shaida. Gaskiya ya faɗa, ko da yake a ranar na ji haushinsa. Madam ce ta daki tebur. Ta ce, "Baffa, wannan mutum ba ta yi ƙarya ba. Ƙungiyar akanta tana Legas, sunansa yana can. Abeg, mu jira shi mana!"

Aka amince a bar kujerar babu kowa. Ni na yi ta bin ƙungiyar da waya har shaida ta iso bayan wasu watanni, ta tabbatar da duk abin da ya faɗa. Ranar da ya fara zama, kanar ne ya miƙe ya ja masa kujera, ya ce, "Malam, ka yafe mini." Shi kuwa ya ce ai ba komai, a fara aiki.

Har gobe ina tare da Baffa cewa kada a ɗora mutum a kan dukiyar jama'a sai an tabbatar da iliminsa. Amma tun ranar na koyi cewa in mutum ya ce maka ba shi da takarda, ka bari ka ji yadda aka yi ya rabu da ita kafin ka buɗe baki. Wani da ita ya sayi ran 'ya'yansa.