Gudumar Kawu a Tashar Anbariyya

Ko da zan manta ranar da na fara taka ƙasar Madina, ba zan manta ranar da na kai kawuna tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Anbariyya ba. Har gobe in na bi ta wajen da mota sai gabana ya faɗi, daga baya kuma in yi dariya ni kaɗai.

A lokacin shekarata biyar ina tuƙa motar wani shagon dabino, ina kwana a wani ɗan ɗaki a unguwar Harra ta Gabas. Iƙamata, wato takardar izinin zama, saura wata guda a sabunta ta. Kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya riga ya ja min kunne cewa duk wanda sunansa ya shiga ofishin 'yan sanda, shi ba ruwansa, sai tarhil, a ɗora mutum a jirgi a mai da shi gida. Ni kuwa mutum tara ke cin abinci daga wannan takarda.

Ana haka kawu, yayan mahaifiyata, ya zo Umra. Tsohon ma'aikacin reluwe ne a Zariya, shekara talatin aikinsa shi ne bin ƙafafun jirgi yana ƙwanƙwasa su da guduma, daga ƙarar yake gane mai lafiya da mai tsaga. Ya yi ritaya, amma jirgi bai bar jininsa ba. Duk ƙasar da ya je sai ya nemi tasha, ya ɗauki hoton kan jirgi, ya rubuta lambarsa da ƙasar da ta ƙera shi a wani littafi da ya sha jiki. Suna da zaure a waya, shi da abokansa tsofaffin 'yan reluwe, ba su da hira sai wannan. Mutane na tsarabar zamzam da dabino, shi kuwa tsarabar da ya yi musu alkawari hoton injin jirgin da Turkawa suka bari a Madina ne.

Ana gobe zai tafi na kai shi bayan La'asar. An mai da tashar wurin tarihi, ga wani baƙin inji nan tsaye a kan dogo. Wallahi kawu ya koma yaro. Ya ɗauka ta gaba, ya ɗauka ta gefe, ya tsuguna ya auna faɗin layin da tafin hannu.

"Ɗan nan, ka gani? Namu na gida ya fi wannan faɗi da kamar yatsa guda. Injin kuwa ƙirar Jamus ne, ko ban duba tambarinsa ba."

Na ce, "To, Kawu," ina duba agogo. Kafili ya kira ni a waya, na juya baya na minti biyu kacal. Sai na ji ƙarar ƙarfe, tan! Na waiga, innalillahi! Kawu ne durƙushe da 'yar guduma a hannu, ya sake kai wa ƙafar injin duka, ya kara kunne yana murmushi. Ashe tun daga Zariya ya ƙunso ta a akwati, yau kuma ya soke ta a aljihun 'yar-ciki.

Kafin in isa, mai gadi ya rigaye ni, yana ihu, "Mamnu'! Mamnu'!" wato an hana. Ya ƙwace gudumar da wayar da kawu ke ɗaukar hoto da ita, ya tasa mu zuwa ofis. Abu na farko da ya nema shi ne iƙamata. Ina ji ina gani ta shige aljihunsa.

Mudirin wurin, wato shugaban, wani baƙin mutum ne cikin farar jallabiya da jan gyale a ka. Ya tambaya da Larabci me ya sa tsoho ke dukan kayan tarihi. Na fassara wa kawu, cikin faɗa-faɗa. Shi ko a jikinsa. Ya gyara zama ya ce, "Gaya masa ba duka ba ne, gaisuwa ce. Aikina ke nan shekara talatin. Kuma ka yi masa albishir, ƙafar nan lafiyarta ƙalau."

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Tsoro ya rufe min ido, na juya na ce wa mudir da Larabci ya yi haƙuri, tsufa ne ya taɓa kan kawuna, majnun ne, wato mahaukaci, bai san abin da yake yi ba.

Mudir ya dube ni ya daɗe. Ya ɗauki littafin kawu yana buɗawa shafi-shafi, ga lambobi a jere, ga ƙananan hotuna an liƙa, na Kafanchan, na Masar, na Sudan. Can sai ya ɗago, da wata Hausa mai nauyin harshe ya ce, "Baba, yaya kake sani ƙafa tana da lafiya?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe jikan mutanenmu ne da suka zo Hajji da ƙafa suka zauna, duk abin da muka faɗa ya ji.

Kawu kuwa abin nema ya samu. Ya ɗauki kofin shayin mudir ya ƙyasta shi da farce, ya yi ƙara siririya. Ya ce mai lafiya haka take waƙa, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Mudir ya yi dariya, ya sa aka kawo gahawa. Ya ce guduma dai an hana, za a ba mu ita a bakin ƙofa, amma hoto kawu ya ɗauka son ransa. Da kansa ya raka shi ya nuna masa tambarin injin, kuma Jamus ɗin ce. Da zai miƙo min iƙamata sai ya riƙe gefenta, ya ce da Larabci, "Kan tsohon nan ƙalau yake. Kai ne tsoro ya yi wa yawa."

Na karɓa da hannu biyu. Ban taɓa jin daɗin taɓa wata takarda kamar ranar ba, har sai da na shiga masallacin Anbariyya na yi sujada.

A mota kawu yana ta tura wa abokansa hotuna, ni kuma ina ta murna bai ji abin da na faɗa ba. Mun kusa masaukinsa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Majnun dai ko a makarantar allo an koya mana shi."

Na tsayar da mota na ce, "Kawu, don Allah ka yafe min."

Ya ce, "Na yafe tun a can. Ƙarfe sai an ƙwanƙwasa ake sanin halinsa. Yau an ƙwanƙwasa ka na ji muryarka. Akwai tsaga, amma ƙarama ce, tana gyaruwa."

Washegari na kai shi filin jirgi, bayan ya wuce na tarar da gudumar a ƙarƙashin kujera, da gangan ya bar min ita. An sabunta iƙamata lafiya, kuma gudumar na nan a motata. Abin da ranar ta koya min shi ne, komai tsananin tsoro, kada in sake sayen tsirata da mutuncin wanda ya goya ni a kafaɗa.