Gaisuwar rasuwa a Fordham Road

A hunturun 2012 ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Bronx, kuma ina son wani mutum da ban taɓa gani ba. Shi ne mai shafin intanet da ke ɗora tsofaffin littattafan soyayya da yardar marubutansu, irin waɗanda na girma ina haya a Kano. Kullum babi ɗaya. A raina na gama ƙera shi: dogo, mai saje, ba ya ɗaga murya.

Wata Laraba na buɗe shafin na tarar da shi baƙi ƙirin, da dogon Turanci a tsakiya. Ban tsaya karantawa ba, na miƙa wayata ga abokiyar aikina, 'yar Zangon Kumasi.

"Baƙi? Rasuwa ce, ƙanwata," ta ce. "Na san shagonsa a Fordham Road. A tashi aiki mu je gaisuwa."

Muka sayi katan ɗin ruwa. A cikin bas ina tsara yadda zan raɓe gefe, dangi suna tambayar wace ce wannan da ta fi kowa kuka.

Wani dattijo mai tumbi muka tarar a bayan kanta yana cin shinkafa da wake.

"Baba, ya haƙuri?" na ce.

"Wa ya rasu?"

"Mai shafin littattafai."

Ya ajiye cokali. "To, ni dai ba a sanar da ni ba."

Ashe shi ne mai shafin. Da ya gama dariya ya yi mana bayani. Majalisa ce ke shirin wata doka da sunan kare haƙƙin mallaka. In wani ya yi ƙorafi kan littafi guda, sai a toshe shafin gaba ɗaya kafin a ji ta bakinka. Shi ya sa masu shafuka suka rufe na yini ɗaya don nuna ƙin amincewa.

"'Yata, tunda kin taho da kukanki, kada ya tafi a banza." Ya buga lambar ofishin ɗan majalisarmu ya miƙo min waya.

Na yi wa matar da ta ɗauka kuka sosai. Ta rubuta cewa ina adawa da dokar, sannan ta tambaya ko akwai wani kusa da ni.

Washegari babi ya dawo, dokar kuma aka jingine ta. Dogon nan mai saje ne kawai bai tashi ba. Sati guda na yi ina masa takaba.