Shekarar da Yaya Injiniya Ya Gama Jami'a

A duk faɗin garin babu injiniyan da ya kai Yaya Injiniya sanin janareta. Tun daga bakin ƙofa yake gane ciwonta da kunne. Abu ɗaya ne kawai ya rage masa: bai gama jami'a ba. A shekararsa ta biyu lissafi ya kayar da shi sau uku, aka sallame shi. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ci gaba da fita da jaka a kafaɗa, yana koyon gyara a wani gareji, bayan shekara uku ya ce ya gama, takardar shaida ce ba a buga ba tukuna. Baba mai walda ne, bai tambayi takarda ba har ya rasu.

Shekara ashirin da biyu asirin yana kwance lafiya, sai ƙanwarsa Nas ta tashe shi. Ta ce su kafa tallafin karatun injiniya da sunan Baba da Umma, a jami'ar da Yaya ya yi. Yaya ya ce rijiya ta fi lada. Ya kawo maganar gidan marayu, har da gyaran maƙabarta. Ƙaninsu Auta ya ce Yaya dai da tawali'u, aka yi dariya, aka wuce wurin.

Nas ta cike fom, ta sa shi a gurbin waɗanda suka gama a can. Bayan mako biyu sakatariyar tsangaya ta kira shi: za a ba shi rigar digiri ya zauna a sahun malamai, shekarar da ya gama da lambarsa ta ɗalibta kawai take nema. Ya ce layin ba kyau. Tun daga ranar, wayarsa na ƙara sai ya kife ta. Ya haɗa wayoyin wani injin famfo a juye, abin da bai taɓa yi ba. Matarsa ta ce hawan jini ne, ta rage masa gishiri.

Ran bikin ƙaddamar da tallafin ya tura Umma a keken guragu ta barandar da ya sani sarai. Allon sanarwa yana nan inda aka taɓa liƙa sunansa cikin korarru. Malamin da ya koya masa lissafin nan shi ne yanzu shugaban tsangaya, kai ya yi fari fat. Ya riƙe hannun Yaya ya daɗe yana kallonsa, ya ce kamar ya san fuskar nan. Gumi ya jiƙe wa Yaya hula. Ga Nas da Auta, ga matarsa da 'ya'yansa huɗu sun jeru a gaba da wayoyi a ɗage.

Sai ga sakatariya, riga a hannu ɗaya, rajista a ɗayan. Ta ce ta duba shekaru biyar ba ta ga sunansa ba, ko zai tuna mata?

Umma ta gyara mayafinta ta ce, "Mayar da rigar, 'yata. Wannan bai gama ba."

Yaya ya durƙusa gefen keken, ya tambaye ta tun yaushe ta sani.

"Takardar korar ai shagon babanku aka kai," in ji Umma. "Shi ya sa hannu ya karɓa."