Masaƙin Ƙarfi da ya hana ni shuka

Ana sallame sallar asuba muka ɗora wa jaki kaya muka bar Maska, ni da wana. Ruwan fari ya sauka, gari duk an fita shuka, ni kuwa tsoro ya riƙe ni. Bara haka muka yi gaggawa, rana ta ƙone tsiron ƙurmus. Irin geron da ya rage mini tukunya ɗaya ce tak, in ya salwanta gidana ya shiga uku. Shi ne aka ce mini akwai wani tsohon masaƙi a Ƙarfi da ya san taurari kamar zarensa.

Hanya ta yi laushi, ƙasa sai ƙamshi. A Bakori muka sha wata fura mai yaji, har wana ya ce a kwana. Jakin ma ya goyi bayansa, ya kwanta abinsa. Sai rana ta uku muka isa.

Na miƙa wa tsohon zakara da goro, a zatona mai duba ne. Ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, mayar da zakaranka. Ni ban san gaibu ba. Kallon sama kawai nake tun ina saurayi, ina lura da ranar da ruwa ke zama."

Bayan magariba ya hau da mu wani tudu, manoma da makiyaya na biye. Ashe kullum haka yake koya musu. Idonsa ya raunana, shi ya sa ya dage kowa ya iya da kansa. Ya juya ni yamma.

"Me ka gani can ƙasa-ƙasa?"

"Wasu 'yan taurari a cure, Baba."

"Kaza ke nan da 'ya'yanta. Muddin kana ganinta war haka, ruwan yaudara ne. Riƙe irinka sai ta ɓace."

Wallahi na yi murna ba kaɗan ba! Tun ina yaro take bisa kaina, ban taɓa sanin da ni take magana ba.

Da muka dawo, gonakin maƙwabta sun yi kore, tawa fayau. An yi ta yi mini dariya, har a cikin gidana. Kullum magariba ina kan katanga, ina leƙen Kaza. Sama ta ɗauke, tsiron mutane ya kwanta, na tausaya musu ƙwarai.

Tafiyar nan ta koya mini ɗaga kai kafin in duƙa da fartanya. Shekaranjiya na nemi Kaza na rasa, jiya aka kwana ana ruwa. Yau da safe na yi shuka, na kuma ɗibar wa maƙwabcina rabin irin da ya rage.