Baƙar Kwamfuta da 'Yar'uwarta ta Gulma

Na fara ganinta ne ta bayan gilashi, wata la'asar, ina kan kabu-kabu daga makaranta zuwa unguwar Badariya. Mai babur ya rage gudu saboda wani keke da ya tsaya a tsakiyar titi yana sauke albasa, sai idona ya faɗa cikin wani shago. Tana zaune ita kaɗai a kan jan ƙyalle, siririya, launinta tsakanin ruwan hoda da ruwan zinare, rana ta haske ta tana sheƙi. Kwamfuta ce irin wadda ake ɗorawa a cinya, amma ni a lokacin ban ga na'ura ba. Na taso da littattafan soyayya na kasuwar Argungu, waɗanda muke haya mu ɓoye a cikin hijabi, kuma a cikinsu haka komai yake farawa: ido ya faɗa cikin ido, zuciya ta buga, sauran littafin kuma wahala ce zalla. Har muka isa ƙofar gidan yayata ban sani ba, sai da mai babur ya ce, "Hajiya, ko mu ƙara gaba?"

Ina karatu a Foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, a lokacin, ina zaune wurin yayata. Ina da labari a kaina, rabinsa kuma a cikin wata tsohuwar waya mai fasasshiyar fuska. Da babban yatsa nake rubuta shi, har yatsan ya fara ciwo. Burina in gama shi kafin in gama makaranta, don na san gidanmu na Argungu. Can ko ka zauna ka yi tagumi sai an aike ka, balle a gan ka kana rubuta yadda wani saurayi ya kalli wata budurwa.

Mutum ɗaya ne zai iya saya mini kwamfuta, shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomin shinkafa a Gulma. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Inna yake ce mini, kuma tun ina ƙarama ba ya iya ce mini a'a kai tsaye. Sai dai ya ce to, sannan ya ɗora sharaɗi. Da na kira shi, sharaɗinsa guda ne.

"Inna, in anka yanke shinkafa zan zo. Amma sau guda ni ka saye. In ta mutu, ta mutu."

Ya zo kuwa, da doguwar rigarsa ta Juma'a da takalmin roba na fadama. Na kai shi shagon.

Mai shagon wata mata ce Kirista daga wajen Filato, ta daɗe a Birnin Kebbi har Hausarta ta fara ɗaukar karin garin. Kowa Madam yake ce mata. Gaban shagon na sayarwa ne, can ciki kuma akwai teburinta na gyara, cike da ƙananan sukundireba da fankoki da wayoyi. Na nuna wa Kawu wadda nake so da haɓa, don ina jin kunyar nuna ta da yatsa.

Ya dube ta ya daɗe. "Kyakkyawa ta," ya ce. "Madam, ɗiyar wane gida ta?"

"Daga Turai ta zo, Baba. Ta hannu ce, amma kamar sabuwa."

"Ba inda ta hito ni ka tambaya ba. Nan garin ga, wa gare ta? In ta kwanta ciwo, wa za a kira?"

Madam ta yi dariya, ta ciro ta daga gilashi ta kifa ta a tafin hannu. Bayanta sumul, babu ko noti ɗaya. Ta ce da gam aka rufe ta, batirinta a manne yake, in wani abu ya mutu a ciki sai an aika Legas, Legas ma wani lokaci sai sun aika gaba.

"Ashe marainiya ta," in ji Kawu.

Shi a ganinsa ya kashe magana. Bai san cewa a duk littattafan da na karanta marainiya ake aure a ƙarshe ba. Jin haka sai na ƙara sonta.

"Anti," na ce, "ai ba lalacewa za ta yi ba, ko?"

"Ƙanwata, ni mai gyara ce kafin in zama mai sayarwa. Duk abin da na sayar, wata rana teburin can yake dawowa. Wannan in ta dawo, sai dai mu zauna ni da ke mu yi ta kallonta."

Ta sunkuya ƙarƙashin kantar shagon ta jawo wata. Baƙa ce, mai kauri, gefenta ɗaya ya ɗan karce, a murfinta akwai tabon takardar wani ofis da aka ɓare. Da ta kunna ta, fankarta ta yi wani huci kamar tsohuwa ta gama hawa tudu. Kawu ya matso. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya kara kunne ya saurara, ya shinshina inda iska take fitowa. Haka yake yi wa injin ban-ruwa in zai saya. Madam ta juya ta, ta nuna masa notuna a jere, ta zare batirin da yatsu biyu ta mayar, ta kwance wani murfi ta nuna masa wani abu mai kama da sabulu, ta ce a nan rubutu yake kwana.

"Irin wannan," ta ce, "duk layin nan babu shagon da ba shi da gawarta a ajiye."

Idon Kawu ya yi haske da jin kalmar gawa. A fadamar Gulma, manomi mai hankali ba ya sayen injin ban-ruwa shi kaɗai. Sai ya nemi wani mataccen inji irinsa ya haɗa, ya ajiye a gida. Ranar da mai ran ya tsaya shinkafa tana jin ƙishi, ba sai an tafi Argungu neman kayan gyara ba, sai a ciro daga jikin mataccen a sa masa. Kawu ya yi shekaru yana noma da injuna biyu, ɗaya yana aiki, ɗaya yana ba da gaɓoɓinsa.

"Wagga tana da dangi," ya ce. "Madam, ki haɗo mini da gawa guda."

"Kawu!" na ce. "Ni fa zan riƙa shiga aji da ita!"

"Ai jaka gare ki, Inna. Amma zaɓi naki na. Ni dai na hwaɗi, sau guda."

Ya koma kan benci ya zauna, ya bar ni da su biyun. Na rubuta layi ɗaya na labarina a kowacce. Maɓallan mai ruwan hodar laushi kamar auduga, ba ka jin komai. Na baƙar kuwa ƙwas-ƙwas, kamar ana fasa gyaɗa. Na tuna yawan abin da ya rage ban rubuta ba, na tuna Legas da abin da ke gaba da Legas. Na dubi kyakkyawar kallon ƙarshe, irin wanda ake yi a tashar mota a babi na ƙarshe, na ce a ba ni baƙar. A gaskiya sadaukarwar ta yi mini daɗi. Har gida ina jin kaina tamkar jarumar littafi.

Kawu ya ɗauki gawar ya ce Gulma za ta zauna. "In anka aje su wuri guda, ɓarawo guda ka kwashe su."

Baƙar ba ta taɓa sa wani ya waiwayo ya dube ni ba. Ƙawayena suna ce mata dutsen guga. Jakata ta tsinke hannu saboda ita. Amma in wuta ta ɗauke takan yi haƙuri har in kai ƙarshen shafi, zafin Birnin Kebbi kuma sai dai ta ƙara huci ta ci gaba. A hankali na saba da ƙwas-ƙwas ɗin, har in ban ji shi ba sai in ga kamar labarin bai motsa ba. Damina ta zo ta wuce, littafin ya kusa ƙarewa.

Wata azahar ina rubuta wurin da jarumin yake sallama da masoyiyarsa a bakin gulbi, ya shiga kwalekwale bai waiwayo ba. Ni na ƙirƙiro shi, ni na hana shi waiwaye, amma sai ga ni ina kuka sosai. Na miƙa hannu in ɗauko gefen mayafi in share hawaye, gwiwar hannuna ta ture kofin zoɓo. Ya bi maɓallan layi-layi, ja wur. Fuskar ta cika da harafi ɗaya yana ta gudu shi kaɗai, sannan ta yi duhu.

Ban ajiye cikakken labarin ko'ina ba sai a cikinta. Na kife ta a kan tire na hau kabu-kabu da ita haka, kamar mai tallan waina.

Madam ta zare batirin tun kafin in gama sallama. Ta kwance, ta goge, ta busa.

"Maɓallan sun tafi," ta ce. "Sauran sai mun sa wasu mun kunna za mu sani. Ina 'yar'uwarta?"

Na kira Kawu. Ban taɓa jin mutum ya ji labarin ɓarna da farin ciki irin haka ba. "Ba na hwaɗa ba? Gobe da sahe ina nan tahe."

Ya iso da buhu a kafaɗa, yana tafiya kamar wanda ya kawo lefe. Ya ajiye a teburin Madam ya fara kwancewa da kansa: buhu, sannan tsohon zane, sannan leda. Tun kafin ledar ta buɗe wari ya riga ta fitowa. Madam ta ɗaga hanci.

"Baba, me nake ji haka?"

"Baƙin mai na. Kada tsatsa ta kama ta."

Ashe duk daminar nan Kawu yana kula da gawar yadda yake kula da mataccen injinsa. Yakan ciro ta lokaci-lokaci ya shafe ta da baƙin mai, ya sa gashin kaza ya bi tsakanin maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga a duk ramin da ya gani a gefenta. Da Madam ta ɗaga murfin, man ya zubo a teburin a hankali kamar zuma.

Ta zauna a kujera ta riƙe ciki. Ta yi dariya har hawaye, ta leƙa waje ta kira masu shagunan kusa su zo su gani. Kawu yana tsaye, hannu a baya, ko gezau.

"Ku duba da kyau," ya ce musu. "Tsatsa ta kama ta?"

"Wallahi ba ta kama ba, Baba."

"To."

Ni kaɗai ce ban yi dariya ba. Jarumina yana tsakiyar gulbi, kuma abin da muka ajiye don irin wannan rana ya zama tuwon mai. Madam ta lura da fuskata. Ta goge ido, ta dubi waɗanda suka taru ta ce, "Ku da kuka sha dariya kyauta, wa yake da maɓallan irin wannan?" Mutum biyu suka amsa a tare. Ɗaya ya fita, kafin in gama share hawaye ya dawo da su, da ƙura a kai amma lafiya lau.

Madam ta ɗora su ta danna. Da ta zo rufe bayan sai noti ɗaya ya yi gardama, kansa ya cinye. Ta dubi Kawu ta gefen ido, ta sa sukundireba a jikin gawar mai mai, ta kwanto noti guda, ta goge shi da tsumma ta ɗaura.

"Kun gani? Wannan ko ƙara bai yi ba. Na Baba ne."

Ta kunna. Fankar ta yi hucinta na tsohuwa, fuskar ta yi haske, ga labarina nan, da dogon layin harafi ɗaya a daidai inda kwalekwalen ya bar gaɓa. Na goge layin. Kafin mu bar shagon Madam ta sa na kwafe komai a wani ɗan abu kamar ƙwayar dabino, ta ce in rataya shi a wuya in ina so, amma kada in sake zuwa mata da zoɓo. Kyakkyawar tana nan cikin gilashi a ranar. Na yi mata kallo ɗaya, don ban iya wucewa haka kawai ba.

Na gama littafin kafin jarrabawar ƙarshe.

Kawu yanzu ya bar zuwa fadama, gwiwoyinsa sun ƙi. 'Ya'yansa ne suke noman, da injin mai aiki da hasken rana wanda har yau bai yarda da shi ba, don ya tambaya an ce masa ba shi da kowa a Argungu. Yana wuni a zaurensa na Gulma, duk mai shirin sayen waya ko babur ko keken ɗinki yakan biyo ta nan a yi masa tambayar dangi. Ya sa na karanta masa littafin daga farko har ƙarshe. Bai ce komai a kan soyayyar ba, sai dai ya yi faɗa da aka bar yarinyar ta bi saurayin da ba a san gidansu ba. Gawar tana nan a zauren, ya ɗora rediyonsa a kai, tana ta sheƙi. Duk baƙon da ya tambaya, sai Kawu ya juya ta ya nuna masa ramin da notin ya fita, ya ce da wannan aka ƙarasa littafin Inna.