Saley Burtu da Ɗakin Hawa na Shida

Duk wanda ya zauna unguwar Goutte d'Or ta birnin Paris a shekarun tamanin ya san Malam Saley Burtu, ko da bai san inda sunan ya samo asali ba. Dogo ne siriri, ɗan wani ƙauye a arewacin Tahoua, gidan mafarauta. Tun yana yaro ubansa ya koya masa ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana saran ƙasa kamar tsuntsun, har barewa ta saki jiki ya iske ta.

A 1939 aka ɗebe shi soja aka kawo shi Faransa. Bai taɓa harbin kowa ba, kuma ba ya ɓoye wa kowa wannan. Wani fili aka kai su gabas da Paris, aka ba su guduma da ƙusa, suka ƙera jiragen sama na katako da zane, da rumfunan da babu kowa ciki. Nufin shi ne jiragen Jamus su zubar da bama-bamansu a nan, su bar filin gaske da garin da ke kusa da shi. Mako biyu jiragen na wucewa, ko kallo. Sai Saley ya tari sarjan ɗinsu da guntun Faransancinsa, yana haɗawa da hannu da ƙafa, ya ce masa burtun da ya tsaya cik ba ya saran ƙasa babu dabbar da za ta yarda da shi. Ina sawun mota a ciyawa? Ina hayaƙin girki? Ina wandon da aka shanya? Sarjan ya zage shi tas. Washegari kuma ya sa kamiyo, babbar motar soja, ya yi ta zagaya filin, aka hura wuta, aka shanya wanki. Kwana huɗu bayan nan aka yi wa katakon ruwan wuta, su suna kwance cikin rami suna salati. Da ƙura ta lafa sarjan ya ce a maimaita masa sunan tsuntsun nan, kuma tun daga ranar sunan ya bi Saley.

Bayan yaƙi ya koma gida ya auri Hassia, suka dawo tare. Shekara ashirin da takwas yana ɗaura ƙofofi a wata masana'antar motoci. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Raliatou, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya a Lyon. Da Hassia ta rasu sai ya ci gaba da zama a ɗakinsu na hawa na shida, gidan da ba shi da asansar, na'urar hawa bene, sai matakala. Rayuwarsa kuwa ta ishe shi. Ya sauka masallaci, ya biya kasuwa ya taya kuɓewa ko ba zai saya ba, sannan ya zauna bakin shagon atamfa na Alhaji Mounkaila a ƙasan gidan, su sha shayi su gyara duniya da baki.

A sanyin 1986 gwiwoyi suka ce sun gaji. Mako uku bai sauka ba, Mounkaila ke hawo masa da abinci yana haki. Raliatou kuwa ta daɗe da yanke magana: ranar da ta ga matakala ta fi ƙarfinsa, ranar zai koma wurinta a unguwar Les Minguettes, can Lyon. Ya taɓa yin wata guda can. Ɗaki mai ɗumi, jikoki masu kirki, amma ya wuni bai sami wanda zai ja gaisuwa da shi har ƙarshenta ba. Da ta bugo tarho ta ce tana nan tafe ran Asabar, sai ya kira Mounkaila.

"Alhaji, takalman nan ka kai su waje su ga titi. Ka cika mini jakar kasuwa, na'ana'a a sama. Tikitin jirgin metro da ka shiga da su, zuba a aljihun kwat ɗina."

"Haba tsohon soja! Da furfurarmu za mu yi wa 'yar cikinmu ƙarya?"

"Wa ya ce ka buɗe baki? Kai dai bakinka ya fi rediyo, shi ya sa na ba ka aikin takalmi."

Raliatou ta iso da hantsi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi maigidanta da yara ɗaya bayan ɗaya. Ta ga jakar kasuwa, ta rataye kwat ɗin da ya bari a kujera, ta dafa shinkafa da miyar kuɓewa suka ci. Saley ya ji a ransa aiki ya yi kyau. Da la'asar ta ɗauki jakarta.

"Baba, raka ni metro mana, kamar da."

Ya miƙe. Ya sa hula, ya kama ƙarfen matakala. Hawa ɗaya ya sauka yana ba ta labarin tsadar nama. A na biyu labarin ya yanke. Kafin su kai hawa na huɗu zufa ta jiƙa masa wuya, ya zauna a kan matakala ya ce igiyar takalminsa ce ta kwance. Takalmin ba shi da igiya. Raliatou ta ajiye jaka ta zauna kusa da shi.

"Baba, kwana biyar ba a yi ruwa a Paris ba, na ji a rediyo. Takalmanka kuwa sharkaf, har cikinsu."

"Mounkaila!" in ji Saley. "Na ce ya kai su titi, shi ya kai su famfo."

Ta yi dariya har ta share ido, shi ma ya taya ta. Sannan ya ce:

"Raliya, gidanki ba abin da ya rasa. Amma can in na ce ina kwana, sai a ce mini ça va da Faransanci a wuce. Nan aka san uwarki. Nan in ban zo sallah ba ake tambaya."

"To ni fa? In ka faɗi a matakalar nan, daga Lyon zan tare ka?"

Ya san ta fi shi gaskiya. Suna nan zaune sai ga Mounkaila ya leƙo daga ƙasa ya ga yadda ake ciki.

"Baba Alhaji," in ji ta, "ɗakin nan na bayan shagonka mai taga da famfo, me ke ciki?"

"Atamfa ce, 'yata, dila-dila."

"Atamfa ba ta da gwiwa. Ta hau sama, Baba ya sauko."

"Ita ba ta da gwiwa, ni da zan ɗauke ta fa?"

"Ladan jiƙa takalmi ke nan," in ji Saley.

Mounkaila ya yi ta mita, ya rantse shi aka zalunta a gidan nan, amma a ranar ya je ya shawo kan mai gidan. Raliatou ta fasa jirgin yamma, ta kwana uku. Ita da 'yan masallaci suka sauko da gado da akwati da hoton Hassia, shi kuma suka sauko da shi a kan kujera yana ba su umarni a kowace kwanar matakala. Ta kafa masa sharaɗi biyu: likitan gwiwa duk wata, kuma azumi a Lyon zai yi shi. Ya yi ciniki ya rage zuwa goman ƙarshe da salla.

Ran Talata da safe ya raka ta har bakin metro da sanda, a hankali, yana tsayawa gaisawa da kowa, har sai da ta ce jirgi zai tafi ya bar ta. Da ya dawo ya tarar Mounkaila ya ɗora shayi, ya ajiye masa kujera wajen da rana ke faɗowa.